Zuwa ga Bawana Sai-an-buɗe, Mai Gadin Gadar Gaya

Gaisuwa daga ubangidanka Bagobiri zuwa gare ka, bawana Bazabarme, mazaunin Gaya, sarkin fadar bakin tasha. Ina fata kana lafiya, kai da butar shayinka da kujerar nan taka ta roba da ta riga ta lotsa daidai mazauninka. Ka isar da gaisuwata ga uwargida, tunda ita ke riƙe da gidan.

Kada ka fara kumbure-kumbure ka ce ni na raɗa maka wannan suna. A bakin 'yan kabu-kabu na tsince shi. In baƙo ya sauka a tasha ya ce a kai shi gidan Alhaji wane, sai yaro ya tsaya yana sosa ƙeya. In ya ce gidan Sai-an-buɗe, kafin ya rufe baki an tada babur. Da bakinka ka sayi abinka. An ce maka rufin mangaza yana yoyo, ka ce sai an buɗe. An ce ga gona a fadama ana ba da aro, ka ce sai an buɗe. Ɗanka ya roƙi a kai shi koyon gyaran injin jirgi, ka ce sai an buɗe. Wanzaminka ma ya gaya mini ya cire ka daga lissafi. Kuma ba ka da ikon yin fushi: tun 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan da ke tsakaninmu cikin jerin al'adun da duniya ta gada, saboda haka duk ranar da ka ɗaure mini fuska, da Majalisar Ɗinkin Duniya kake rigima.

Mutanen Kano da Zariya masu karanta wannan shafi za su so su ji me ake jira a buɗe. Gada ce. Gaya tana bakin kogin Isa, Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallake, Kamba ta jihar Kebbi tana nan kusa ta gabas. Kafin rikici, yawancin kayan da Nijar ke saye daga waje a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka, su yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Yamai, kuma ta kan wannan gada suke ratsowa. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyaka, manyan motoci suka yi layin da ido ba ya ganin ƙarshensa. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar kwantenonin da ta tare gadar da su a inda suke, kaya suka ci gaba da zagayawa ta Lome da Burkina da rakiyar soja.

An yi asara, asara ta gaske. Masu mangaza, masu cike takardun duwan, 'yan dako, matan da ke dafa wa direbobi abinci, kowa ya ji a jikinsa, kai ma ka ji. Wannan ya wuce a yi masa dariya. Kai nake yi wa.

Domin na zauna a fadarka na ga yadda ranarka ke tafiya. Da hantsi yaro ya hura gawayi. Kafin shayin farko ya nuna ka kama BBC, ka koma RFI, ka leƙa Muryar Jamus, ka saurari saƙon wani direba da ya ji daga ƙanin surukin wani jami'i cewa Litinin mai zuwa za a ɗauke kwantena. Sai ka gyara zama, ka zaro waya, ka buɗe kalkuleta. Dilar gwanjo kaza daga Kwatano, kowace a jaka kaza, a cire na duwan, a cire na hanya, a juya zuwa naira, a kai Kamba. Kafin a zuba na biyu ka ci ribar miliyan uku. A na uku, mai zaƙin nan, ka riga ka ɗora bene, ka biya wa uwargida kujerar Makka, har ka fara tuntuɓar 'yan fada ko ya kamata a yi mata kishiya. Ana kiran azahar sai ka laluba aljihu, ka ce wa yaro ya je kanti ya karɓo sukari a rubuta.

Ban raina lissafi ba; ɗan kasuwar da bai iya shi ba ya shiga uku. Amma naka awon hatsi ne a rumbun maƙwabci. Duk lambar da ka danna wani ne ke riƙe da ita a Yamai ko Kwatano ko Abuja, kuma bai san da zamanka ba. Ai Gaya ta daɗe a haka. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi an raba darajar sefa biyu. A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakokin Najeriya na kan tudu, shinkafa ta yi ta zaman jira a mangazu. A Mayun 2023 Tinubu ya janye tallafin fetur, masu sayar da mai a kwalba suka tashi suka tarar da wani farashi, naira kuma ta bi ta zube. A cikin waɗannan duka, wanne aka zo fadarka aka yi shawara? Ƙasa uku ne suka haɗa kai a nan, kuma duk wadda ta tashi da ɓacin rai a kan tukunyar mutumin Gaya take hucewa. Wanda ya rantse ba zai sa hannu a aiki ba sai ya hango ƙarshensa, ya yi ɓatan gari.

Ka taɓa sauka bakin ruwa tun da aka rufe gadar? Ni na sauka. Dogayen jiragen katako sun jeru, hanci a laka, an ɗaura wa kowanne inji a baya. Samari sun naɗe wando har cinya suna kutsawa ruwa da buhu a ka. Wasu biyu sun ciccibi babur sun kwantar da shi a tsakiyar jirgi, mai shi yana ta kashedin madubi. Wata tsohuwa ta ƙanƙame ƙullin kayanta tana salati tun ba a tashi ba. Ana ciniki da Dandanci da Hausa da Faransanci, ana ba da canji da sefa da naira. A cikinsu na ga tsohon yaron mangazarka, wanda kake cewa ba shi da kai. Ranar da ya fara, bai san ko washegari za a buɗe gada sana'ar ta mutu ba. A Mayun 2024 ma hukumomin Benin suka toshe mashigar ruwan ta ɓangarensu, aka yi zaman dole na wani lokaci, wanda ya ci bashi ya sayi inji ya kwana ciki. Kogi kuma ba ya wasa, jirgi yakan kife da mutane.

Ban ce maka yaron ya yi kuɗi ba. Ga dai abin da na gani. Ya san inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ya taru. Yana jin ƙarar inji zai ce maka fulogi ne ko mai ne ya sha ruwa. 'Yan kasuwa na kiran lambarsa tun daga Kandi, domin sun gwada shi sun ga ba ya taɓa kayan mutane. Ya daina sunkuyar da kai in ana magana. Ko gobe aka ɗauke kwantena, jirage suka koma kamun kifi, waɗannan sun riga sun zama nasa, babu dokar da za ta ƙwace su. Kai kuma a tsawon wannan lokaci abin da ka ƙaru da shi uku ne: sanin muryoyin masu karanta labarai, tumbi, da saurin faɗa. Uwargida ta ce duk daren da jita-jita ta ƙaryata kanta, ko sannu ba a iya yi maka.

Na yi ta neman inda ka gado wannan hali, har na tuna da labarin Mali Bero da maroƙanku ke bayarwa. Wai da tafiya ta kama kakanninku ba su taka ƙasa ba, gindin rumbu suka hau ya tashi da su sama, yana yada zango yana tashi, har ya dire su a Sargan. To ka ga dole. Jikan wanda rumbu ya ɗauko ina zai yarda da taku ɗaya-ɗaya? Zama zai yi ya jira wani rumbun. Sai dai adalci ya hana ni tsayawa a nan, ko da yake Bazabarme bai cancanci adalcina ba. Waɗanda suka biyo bayan Mali Bero sun taka ƙasa har ta gaji da su. Zamanin Turawa samarinku sun yi ta gangarawa Gwalkwas, Gana ta yanzu, da yawa a ƙafa, su yi dako a Kumasi da Akra, su kasa 'yan kaya a bakin kasuwa, har Jean Rouch ya yi fim mai suna Jaguar a kan irin wannan tafiya. Ba wanda ya rubuto musu cewa ga aiki yana jira. Kafin su ma, fataken goro daga Kano da Sakkwato ta wannan yanki suke ƙetare kogi, su bi ta Kandi da Zugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, kuma ranar da madugu ya ce a ɗaura wa jakuna kaya babu mahaluƙin da ya san nawa goro zai kai kafin su isa. Ashe zaman nan kai ka ƙirƙiro abinka, kada ka shafa wa kakanni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Gaya kake wannan zama. Mu a Gobir, inda damina ke zuwa a makare ta tafi da wuri, binne muke yi: mu sari busasshiyar ƙasa mu zuba iri tun sama ba ta haɗa hadari ba. In ruwa ya sauka da kyau, mun riga kowa. In ya yi yayyafi ya ɗauke, shuka ta leƙo ta ƙone, mu sake, wata shekara har sau uku, ba tare da an kira taro ba. Ku kuwa Allah ya ba ku yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogi, ga fadamar Dallol Mawri mai rake da dankali da rogo. Ga kuma giginya.

Ka fita wajen Bana da Bengu da Tunuga ka ɗaga kai, in wuyanka yana ɗaguwa. Dajin giginyar nan ya kai wajen hekta 30,000, babu kamarsa a ƙasar. A da hukuma ce kaɗai ke da ta cewa a kansa, 'yan azara suka yi ta kwantar da manya ana lodi zuwa birane, mutanen ƙauye suna kallo ba ruwansu, ƙananan da suka tsiro a gona kuma garma ta bi ta kansu. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwizalan, aka sa kula da dajin a hannun kwamitocin ƙauyuka, aka ba su rabo a kuɗin azara, sai ga mutane suna binne ƙwallo da hannunsu suna tsaron ƙanana.

Ka kuwa san halin giginya? Ba ta son dashe. Inda kake so ta tsaya, nan za ka binne ƙwallon. Ta fara tura tsiro ƙasa, can ciki, wata da watanni ba ka ga komai a sama ba, har ka yi zaton ya ruɓe. In ganye ya leƙo, shekaru za ta yi a tsugune ba ta fid da gangar jiki ba, dabba na bi ta kanta, wutar daji na lasarta. Sannan akwai namiji akwai mace. Macen ke 'ya'ya, namijin ya fi ƙarfin azara, irin wadda gara ke haƙura da ita ta nemi wani gidan. Mai shuka bai san wanne ya binne ba, kuma ba zai sani ba sai ta yi fure, kafin nan jaririn da aka haifa ranar shukar ya fara zancen aure. Azara kuwa ta jikoki ce. Da kai aka miƙa wa ƙwallon, da ka jujjuya shi ka ce a dakata sai an tabbatar da jinsinsa.

Ƙwallon nan guda, in ka binne ka tono shi bayan kamar rabin shekara, muruci ne: a dafa, a ɓare, a kasa a tasha. In ka ƙyale shi, itace ne. Manomin Bengu mai hankali duka biyu yake yi. Ya ja kunyar muruci domin cefanen rani, ya bar wasu a gefen gona domin wanda ko suna ba a raɗa masa ba tukuna, ya wuce ga aikin gaba. Uwargidanka ma ta shiga layin, in ba ka sani ba. Da asuba take ɗora tukunya, kafin rana ta yi zafi tire ya isa bakin ruwa, kuma a ka take juya naira zuwa sefa, ba ta taɓa danna waya ba. Wata ranar ya ƙare, wata ranar a dawo da rabi yara su cinye, gobe ta sake ɗorawa. Da kuɗin murucin nan aka saya wa autanka littattafai, da shi ake goge sunanka a littafin mai kanti. Mutumin da na nesa ke mora ana ce masa inuwar giginya; kai ko na nesan bai samu ba.

Na san abin da za ka ce, domin ka sha faɗa. Za ka nuna mini layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, aka yi bikinsa a Janairun 2016, aka ce zai zarce Gaya ya haɗe da na Faraku, ga shi nan a yashe ba jirgin da ke jigila. Ka ce: ga aiki ba sakamako, ina amfaninsa? Tambaya mai kyau, abin mamaki daga bakin Bazabarme. Amma dubi lokacin. An yi bikin ana saura makonni a yi zaɓe, alhali rigimar wa ke da haƙƙin gina layin tana kotu a Benin. A ganina wannan ɗan'uwan naka ciwon ne, ido ya tafi kan ranar yanke ƙyalle tun ba a share hanya ba. Wanda ya ƙosa ya ga ƙarshe, ko dai ya ƙi farawa irinka, ko ya tsallake tsakiya. Mai shuka giginya bai ce a yi aiki da ka ba. Yana zaɓar ƙwallo mai kyau, ya san lokaci, ya san zurfin rami, yana kewayawa ya kori awaki. Na hannunsa ya kyautata, wanda ba ya hannunsa ya bar wa Mai shi. Kai ka juya abin: na hannunka ka bar wa Allah, na Allah da na gwamnati ka ɗora wa kanka, sannan kana kiran wannan tawakkali.

Za ka kuma ce, yau Bagobiri ne zai koya wa mutum dabara, mutanen da ba sa ƙirga abokan gaba sai an gama yaƙi? Na karɓa. A 1808 birninmu Alƙalawa ya faɗi. A 1836 aka sake karya mu a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya faɗi a fagen fama. Waɗanda suka tsira ba su shimfiɗa tabarma suna jiran a mayar musu da Alƙalawa ba. Sarki Mayaƙi ya ja su suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, ga ta nan har yau da sarkinta, can aka binne cibiyata. Da irinka suka yi yawa a cikin ayarin, da har yanzu muna gindin wata tsamiya muna tambayar masu wucewa ko an ji labari.

Ni ma ina so a buɗe gadar, wa ba ya so? Amma ranar da aka buɗe, masu cin kasuwar su ne waɗanda yaransu suka iya aiki, waɗanda ba a manta da fuskarsu a Malanbil ba, waɗanda ke da inda za su sauke kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mangazarka kuwa jemagu sun riga sun raba ɗakuna, har an naɗa mai unguwa.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Kuɗin sharar da kake aiko yaro ya karɓa wurina duk watan cika-ciki, bana ko dala babu. Na yi magana da wani manomi a Bengu, zai kawo maka buhun ƙwallon giginya a madadinsu. Rabi ka ja kunyar muruci, rabi ka bi iyakar gonarku ta gado ka binne, taku goma-goma. Ban ce ka yi mini alkawarin za su fito ba. Fartanya tana wurin uwargida. Ɓangaren da ke da ƙarfe shi ake sa wa ƙasa. In bayanka ya ƙi lanƙwasuwa ka aiko, akwai wani jikana ɗan shekara 7 a Tsibiri, zai zo ya nuna maka. Ladansa kwanon dambu ɗaya da zogale, amma kada ya zama kai ka dafa.